Kwamitin Fito da Rawa Fili

Jama'a, yau da hantsi na kulle shagon ɗinkina na tafi makarantar su autata kallon rawa. Ƙafafu na kalla na dawo.

Ga yadda aka yi. Wata uku ke nan da ofishin manya ya aiko wa makarantar takarda, wai ƙungiyar rawar yara "ba ta fito fili ba". In ba ta fito ba, za a karɓe ɗakin da suke atisaye a zuba tsofaffin fayil. Malamar rawar, wata siririyar baiwar Allah mai muryar mutum uku, ta bi iyaye gida-gida. Maƙwabcina mai aski ya ba da aron lasifika. Ni na ɗinka riguna ashirin da huɗu, kowace da aiki a ƙirji, har na fara ganin zare a cikin shayi. Autata kuwa ta hana mu sakat, a tsakar gida juyi, a bakin famfo juyi.

Sai manya, Allah ya ƙara musu girma, suka ce ai da su za a yi. Suka kafa Kwamitin Fito da Rawa Fili. Kwamitin ya zauna sau shida, ya haifi ƙyallen talla guda ɗaya mai faɗin motar kaya, ɗauke da hoton Mai Girma Babban Baƙo yana murmushi. In ka matsa kusa ka tsuguna, za ka ga an rubuta "rawa" can ƙasa.

To ina za a rataye shi? Bango dai ba ya gaban masu ɗaukar hoto. Sai aka ɗaure shi a bakin dandamali, tun daga sama har daidai gwiwar yara.

Malama ta je ta sami jami'in tsare-tsare ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ya rufe yaran."

Ya dube ta a natse ya ce, "Malama, so kike in sauke Oga a gaban Oga?"

Ta juya ta koma wurin yara. Mu kuwa iyaye, jarumai, kowa ya shiga gyara zamansa.

Aka saki kiɗa. Wallahi ƙafafun nan sun yi aiki, ko ɗaya ba ta saɓa ba. Mai aski ya zungure ni ya ce, "Tela, wacce ce taka?" Na ce, "Ta uku daga hagu, mai safar da ta zame." Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci har sai da idona ya kawo ruwa.

Babban Baƙo ya yi tafi, ya miƙe ya yaba. Ya ce abin da ya gani ya burge shi ƙwarai, amma shi mutum ne mai bin ƙa'ida, ba ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. Saboda haka a kulle ɗakin atisayen tukuna, har wani kwamiti ya tabbatar da sauran jikin.

A hanyar gida autata ta riƙe hannuna, rigar na jikinta sharkaf da gumi. Ita ba ta ji jawabin ba, tana bayan hoto.

"Baba, ka ga juyina na ƙarshe? Ban faɗi ba fa!"

Na ce, "Na gani, 'yar baba."

"To gobe ƙarfe nawa za mu je atisaye?"

Na ce ta tambayi babarta. Kun ga ni ma zuwa ɗaya na koyi aikin ofis.