Rasuwar Chabela, Mai Sassaƙa Wuyan Jita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai rabu da ƙaurin katako ba, ni Eduviges Zalapa, matar marigayi Don Cleofas mai haɗa jita a nan Paracho, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan sana'a rasuwar na'urarmu ta sassaƙa, wadda muke kira Chabela. Ta cika ranar Laraba da hantsi tana bakin aiki, da wuyan jita rabin sassaƙe a ƙarƙashinta. Shekararta huɗu da wata biyar a hannunmu.

Ga wanda bai san ta ba, ƙarama ce, ba ta wuce teburin cin abinci ba. Bel ke jan ta, kwamfuta ke gaya mata inda za ta bi. Jikata Erandi ce ta kawo ta gidan nan lokacin da hannun Cleofas ya fara rawa, kuma ita kaɗai ta san halinta. Ranar da aka sauke ta Erandi ta ce da ni, "Kaka, muddin wannan tana aiki ina nan. Ranar da ta tsaya zan ɗauki jakata, don ba zan zauna ina kallon shago yana mutuwa ba." Na ce, "Ji 'yar banza, ina za ki je ki samu mai dafa miki kunun atole irin nawa?" Dariya muka yi a lokacin.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa wayar gari ranar Litinin da ciwon kan giya ba, abin da ba zan iya faɗa a kan rabin masassaƙan layinmu ba. Wuya na ɗari yakan fito daidai da na farko. In tana cikin lafiya muryarta ƙasa-ƙasa take, zuuum, kamar zuma a amya, tana watso ɓarɓashin katako masu ɗan kauri da nake sharewa in kunna murhu da su.

Ciwon ajalinta ya fara ne bayan Erandi ta tafi Morelia jinyar uwarta da aka yi wa aiki. A makon ne wani mai shago daga Guadalajara ya ba mu aikin wuyan jitar 'yan makaranta, yana so kafin bikin garinmu na watan Agusta. Ɗana Nicanor ya ce shi zai kula. Ya zaro takardar da ta zo tare da haƙoran yanka da ake ɗaura wa na'ura, ya kwafe lambobin gudun juyi da gudun tafiya da zurfin cizo kamar yadda suke, ya zuba wa kwamfuta. Ashe don manyan injuna aka rubuta su, irin masu nauyin tirela. Chabela ta cusa haƙori ta kasa ja, jikinta duka ya ɗauki kyarma, gar-gar-gar, ta kauce layi, wuya uku suka fito a karkace.

A nan na shigo, kuma a nan laifina yake, zan faɗa da bakina kafin matan kasuwa su faɗa. Shekara arba'in da shida ina kallon Cleofas yana sassaƙa da wuƙa. A wurinsa a hankali shi ne ladabi, mai gaggawa bai girmama itace ba. Na ce, "Nicanor, kashe ta za ka yi? Rage mata tafiya!" Ya rage. Na ce ya ƙara ragewa. Har sai da ta koma rarrafe kamar tsohuwa a layin coci. Juyin haƙori kuwa na ce a bar shi a ƙarshensa, a ganina nan ƙarfinta yake.

Kwana tara ta yi a haka. Ta daina kyarma, na yi murna. Muryarta ta koma siririya, wiiii, na ce ta samu sauƙi. Ɓarɓashi ya daina fita, sai gari mai laushi yana tashi yana shiga ko'ina. Baƙin layi ya fito a jikin katako, na ce a goge da sanfefa. Har kyandir na kunna mata. Ranar Laraba ta yi wani tari, kaf, hayaƙi ya fito daga kanta, shi ke nan.

Erandi ta dawo washegari. Ba ta ajiye jaka ba ta durƙusa ta ɗebi garin ta murza a yatsa. Ta ce, "Wa ya rage mata tafiya?"

Na ce, "Ni ce. Tausayinta na ji."

"Haba Kaka! Ai ba yanka take ba, goga take. Ɓarɓashin nan da kike hura wuta da shi, shi ke fitar mata da zafi. Ƙaramar na'ura zurfi ake rage mata, a rage juyi, a bar ta ta yi tafiyarta."

Nicanor ya ce shi dai takarda ya bi. Ta ce, "Kawu, mai takardar ya taɓa ganin Chabela?" Ta karkaɗe hannu ta shige ɗaki da jakarta, ni kuwa na fi son ta tsaya ta yi ta faɗa.

Don Eleuterio mai gyara ya buɗe ta, ya ce boris ya narke, motar da ke juya haƙori ta ƙone, wutar ta bi waya ta cinye ƙwaƙwalwar. Ko an aika a kawo sababbi, sai bayan biki. Mutumin Guadalajara bai jira ba, ya kai aikinsa wurin masassaƙan layin baya.

Ta rasu ta bar wuyan jita goma sha tara masu tabon ƙuna, da haƙora shida da suka yi shuɗi, da kwamfutar da ba ta da wanda za ta yi wa umarni. Ta bar Nicanor, wanda ya koma gyaran keken da babu abin da ya same shi. Ta bar wuƙaƙen Cleofas a jikin bango, babu mai hannun riƙe su a gidan nan. Ta bar ni.

Za a fitar da gawa ranar Asabar daga shagonmu da ke bayan kasuwa. Fadan cocinmu ya ce ba ya yi wa ƙarfe addu'a, don haka ni zan ja, wanda ya ga dama ya amsa. Akwai atole da burodi. Kada a kawo furanni, kada kuma a ce min Allah zai kawo wata.

Mai zuwa ya zo kafin ƙarfe goma. Ɗan gwangwan zai iso da motarsa a lokacin, kuma ya yarda ya sauke Erandi a tashar Uruapan, inda ta samu aikin jera fiya a kwali, tunda hanya ɗaya ce. Chabela a baya, jikata a gaba. Ina roƙon maza huɗu masu ƙarfi su taimaka a ɗora, da mace ɗaya da za ta tsaya kusa da ni a bakin ƙofa.