Tumbin Hazwan

"Lafiya lau, Tok. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Matakalata ce ba lafiya, tun jiya da ka taka ta take kuka. Tsaya nan ƙasa, kar ka rushe min gida."

Hazwan ya tsaya a tsakar gidan yana haki, da kwandon ƙwan agwagwa a hannu. Shekararsa talatin da ɗaya, yana aiki a rijiyar mai ta cikin teku, mako biyu can, mako biyu gida. Kakarsa Tok Jarah ce ta rene shi a nan Tumpat, kuma har yau ita ke gasa akok, wainar ƙwai da madarar kwakwa da mutane ke layi a kanta tun hantsi. Ƙwai da mazarƙwaila ta aike shi ya sayo. Da ta sauko ta leƙa kwandon, ƙwai kaɗai ta gani.

Ta tambaye shi ko a hanya ya lashe mazarƙwailar. Ya ce bai saya ba, kuma da gangan. Ya nemi turmi ya zauna, ya faɗa mata abin da ko matarsa mai tsohon ciki bai faɗa wa ba. Likitan wurin aiki ya auna shi, kilo ɗari da ashirin da takwas, sukari kuma ya fara hawa. An ba shi wata uku. In bai rage ba, ba zai sake hawa jirgin da ke kai su teku ba.

"Sun kyauta wa jirgin," in ji ta.

"Yi dariyarki, tsohuwa. Ke kika ƙera tumbin nan. Gobe zan ɗauke ki a babur in kai wa likita, in ce ga mai laifin."

"Ni da kai a babur ɗaya? A ina zan zauna, a aljihunka?"

Ta ce ta yarda ta yi masa ɗura har ya shekara bakwai, wannan ba ta musu. Amma sauran shekara ashirin da huɗu, hannun wa ke kai loma? Ko ita ce ke iyo ta bi shi teku ta soya masa taliya?

"Ke kika koya wa harshena. Gidan nan har kifi sukari ake zuba masa."

"Kakanka haka ya ci, bai taɓa ƙorafi ba."

"Shi ya sa aka binne shi da ƙafa ɗaya."

Maganar ta fita kafin ya riƙe ta. Tok Jarah ta juya wajen murhu tana gyara ɓawon kwakwar da ke ci, alhali babu abin da ta ɗora. Hazwan ya ji kunya ta rufe shi. Yana tuna tsohon, da yadda yake jan jiki a tabarma ya kai ga butar alwala.

Can ta fara magana, ba tare da ta juyo ba. Ta ce shekarar da ruwa ya ci garinsu tana 'yar shekara tara, rogo suka yi ta ci wata huɗu, ƙaninta ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, bai kai ƙarshen damina ba. Tun daga nan, in ta ga yaro da kumatu sai hankalinta ya kwanta. Ranar da uwar Hazwan ta tafi aiki Kuala Lumpur ta bar mata shi yana kuka, ba ta san wani lallashi ba sai na baki.

"Na san zaƙi ya ci min miji," ta ce. "Na sani, na ci gaba da zuba maka. Wannan nawa ne."

Hazwan ya ce a teku babu mai tilasta masa ƙari, da ƙafarsa yake komawa layi sau uku. Yau ma, kafin ya sayo ƙwan, shinkafa ƙunshi biyu ya ci a kasuwa.

"Biyu?"

"Uku."

"To mu raba tumbin," ta ce. "Daga cibiya zuwa ƙasa nawa. Saman, da wuyan nan mai hawa uku, naka ne."

Ta hau ɗaki ta haɗo shayi kofi biyu. Ya ga baƙi ne wuluk, babu madarar gwangwani, babu sukari. Ya kurɓa, ya ce wannan ai ruwan wanke-wanke ne. Ta ce ya sha, daidai da shi ke nan.

Sai ta ɗauki ɗaya kofin. Tun da ya san ta bai taɓa ganin ta sha shayin da cokali ba ya maƙalewa a cikinsa ba. Ta kurɓa, ta runtse ido, fuskarta duk ta tattare, amma ta haɗiye.

"In na mutu kafin wata ukun," ta ce, "ka faɗa wa liman kai ne sila."

Hazwan ya yi dariya har turmin ya nemi kifewa da shi. Ta jira ya gama, sannan ta sake kai kofin baki.