Baƙon da Na Buɗe wa Ƙofa a Ƙasar Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ladabina ya yi kisa ba. Har yau in aka buga ƙofar gidanmu sai in tsaya ina kallon hannuna kamar ba nawa ba.

Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba. An rufe gadar kogi ta kan iyaka, kamiyoyi, manyan motocin kaya, sun yi layi a Gaya kamar shuka su aka yi. Yayana Saini direba ne, nasa kamiyon na cikin layin. Ni kuma na gama lise, wato sakandare, ina zaune, ina taya Inna sayar da shinkafa da soyayyen kifi a rumfarta, inda direbobin ke yini ba abin yi sai shayi da gardama.

A nan Yaya ya samo wani wasa a salularsa. Ana jefa mutum wata ƙasa ta ƙanƙara, ba riga mai kauri, ba abinci, ya nemi yadda zai rayu. Akwai wasu 'yan wasa na gaske daga ƙasashe daban-daban a ciki, kowa na fama da kansa. Yaya kuwa, da yake bai taɓa son abu mai sauƙi ba, ya zaɓi tsarin rai ɗaya: in mutuminka ya mutu, shi ke nan, ya tafi da bukkarsa da kayansa da duk wahalar da ka sha. Babu a sake.

Direbobi suka raɗa wa mutumin suna Ɗan Sanyi. Da safe, kafin a tambayi labarin gada, sai a tambayi yadda ya kwana. Baba Alzuma, tsohon direban da albasarsa ta ruɓe a mota yana kallo, shi ke ba da batirin motarsa a yi cajin salular in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ina jin mutanen nan sun ga wani ne da shi ma aka tsare shi a inda bai zaɓa ba, amma bai mutu ba.

Ni dai mamaki ya hana ni rufe baki. Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake fasawa a zuba a bisap, wato zoɓo. A can kuwa kogi guda, mai faɗin namu, ya daskare, mutum na takawa a kansa da ƙafa. Baba Alzuma ya ce, "Da namu zai yi haka, wallahi da tun jiya na haye da motata." Ranar da sararin ƙasar ya cika da wani koren haske mai lilo kamar zane a kan igiya, kowa ya matso yana kallo, har mai shayi ya bar shayinsa ya zube. Wani ya ce, "Subhanallahi. Wai da gaske akwai inda sama ke yin haka?" Na ce an faɗa mana a lise. Ban gaya musu cewa ni ma ban yarda ba sai ran nan.

Rubutun wasan da Faransanci yake, don haka ni ce mai karatu. Ni ke fassara musu shawarwari: a tafasa ruwa kafin a sha, kada a fita in iska ta taso, kada a bari ashana ta jiƙe, in an ga kyarkeci a ja da baya a hankali. Babbar doka kuma, wadda na fi maimaitawa ina kaɗa ludayi: kada a buɗe wa kowa ƙofa. Suka fara ce mini Madamazel, kamar wata malamar makaranta, kaina ya kumbura. (Ni da ƙadangare ke kora daga tsakar gida, in na hango soja in sauya hanya, na zama mai koya wa maza jarumta.)

Ran nan aka kira Azahar, Ɗan Sanyi na cikin bukkarsa, guguwar ƙanƙara na kaɗawa a waje. Wasan ba ya tsayawa, in wuta ta mutu sanyi zai kashe shi. Yaya ya miƙo mini salular.

"Ke, itace kawai za ki riƙa sawa a wuta. Kada ki taɓa wani abu."

"Haba Yaya, ni za ka gaya wa?"

Suka tafi masallaci, Inna ma ta shiga gida. Na sa itace, wuta ta tashi. Sai na ji ana buga ƙofar bukkar.

Ta taga na hango shi: wani mutum ba takalmi, yana rawar ɗari. Rubutu ya fito: "Don Allah, sanyi zai kashe ni. Ba ni da komai." Na san doka, ni na karanta ta. Amma ni 'yar Inna ce. A rumfarmu ba a barin mutum tsaye a bakin ƙofa ba a miƙa masa ruwa ba. Kakata a Tunuga kullum sai ta ware kwano don wanda jirgin ruwa zai sauke, ko ba ta san shi ba. Kafin kaina ya gama shawara, yatsana ya riga ya buɗe.

Ya shigo ya zauna gefen wuta. Na ba shi tafasasshen ruwa, na ƙara masa da busasshen nama. Ya rubuta, "Na gode." Zuciyata ta yi fari, har ina tsara yadda zan ba su labari.

Sai ya miƙe a natse, ya ɗauki gatarin da ke jingine a bango. Gatarinmu fa.

Sara na farko, na danna duk abin da yatsuna suka samu. Ɗan Sanyi, bawan Allah, maimakon ya gudu sai ya ɗaga hannu yana gaisuwa. Sara na biyu, ya faɗi. Hoton ya riƙa dushewa a hankali, wutar da na hura na ci gaba da ci abinta.

Ihun da na kurma, na tabbata an ji shi a ƙetaren kogi. Na zabura, na ture tiren kifi, na ja da baya na zauna daɓas cikin bahon wanke-wanke. A haka masu salla suka dawo suka same ni: ina cikin ruwan kumfa, na ɗaga salular sama kada ta jiƙe, ina kuka ina cewa, "Na ba shi ruwa fa! Har nama na ba shi!" Wani soja daga shingen bakin gada ya leƙo ya ce, "Lafiya?" Aka yi masa bayani, ya dube ni, ya koma yana girgiza kai.

Yaya ya karɓi salularsa, ya daɗe yana kallo. Da duka na ya yi da ya fi mini sauƙi. Baba Alzuma ya cire hula ya riƙe a hannu. Manyan mutane masu gemu suka sunkuyar da kai kamar a gidan makoki, ni kuma daga cikin bahon na ga girman abin da aka ba ni riƙo.

Can Baba ya ce, "Madamazel, tuna mini babbar dokar nan."

Wani daga baya ya ce, "Allah sarki Ɗan Sanyi. Kyarkeci bai ci shi ba, tarbiyya ta ci shi."

Inna ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta saurari komai, sannan ta juyo gare ni.

"Ya buga ƙofa?"

"Ya buga, Inna."

"Ya ce yana jin sanyi?"

"Ya ce."

"To me kuke so ta yi? Da ta bar shi a waje, da ni za ta gamu."

Yaya ya ce, "Inna, can fa ba Gaya ba ce."

Ta ce, "Ai shi ya sa ƙasar tasu ta daskare. Ke, fito ki tsince mini kifina."

Dariyar ta fara daga Baba Alzuma, ta zagaye rumfar, ta iske Yaya a ƙarshe, ba don ya so ba.

Washegari ya fara sabon wasa, wani talaka ba takalmi a bakin daskararren kogi. Har yanzu ni ke karanta musu Faransanci, amma a tsaye, hannuwana a baya, bisa umarnin Yaya. Shawarata ga duk mai wasan rai ɗaya: ka tafasa ruwa, ka tsare ashana, in kuma za ka tafi salla, kada ka bar gadin ƙofa a hannun wadda uwarta ta yi mata tarbiyya.