Sarkin Feda Ya Tafi Gaida Surukai

Idan ana lissafin mutanen da Allah Ya yi wa garin Ƙanƙara baiwa da su, to a fara da Injiniya Sha'ibu, sannan a huta kafin a ambaci na biyu. Ba wanda ya san abin da ya taɓa ƙerawa, amma injiniya ne, tunda haka aka rubuta a bayan rigarsa. Ya yi 'yan shekaru a Abuja, ya dawo mana da tsaraba biyu: keken tsere da tausayin mutanen ƙauye. Shi ya kafa Ƙungiyar Masu Keken Zamani ta Kudancin Katsina. Aka yi zaɓe, ya lashe kujerar shugaba da ta sakatare da ta mamba, duk ba hamayya. Tun ranar ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Feda. Mutanen gari kuwa, da yake ba su san darajar manya ba, Na-Ƙoƙo suke ce masa, saboda hular kwanon da ba ta barin kansa.

Keken nan abin kallo ne. Ba kariyar ɗaukar kaya, ba ƙararrawa, ba abin jinginewa, sirdinsa bai fi ludayi ba. A ƙasar da keke ke ɗaukar damin dawa da akuya da mai akuyar, shi na Injiniya ko tiya ɗaya ba ya ɗauka, kuma wannan ne abin alfaharinsa. Kayan hawan ma nasu daban ne: riga da wando masu ɗamewa kamar an shafa masa su, ga takalmi mai ƙugiya a ƙasa wanda ke maƙalewa jikin feda, ƙas! Injiniya ya ƙware wajen maƙalawa. Cirewar ce dai bai samu lokacin koyo ba. Duk sa'ad da zai sauka, sai taubashinsa Nasir ya riƙe keken, ya kwance masa igiya, shi kuma Injiniya ya zare ƙafa ya bar takalman a rataye.

To, Sarkin Feda ya ga matar aure. Hamida ce, malamar firamare a wani ƙauye kusa da Faskari, mace mai hankali wadda har yau ba a gano abin da ta gani a jikinsa ba. Maganar aurenta tana hannun baffanta, Baba Yahuza, dattijon da ba ya magana biyu. Shi ya aiko cewa yaron ya zo ranar Asabar ya gaida iyaye, in an ga natsuwarsa sai manyansa su biyo baya.

Hamida ta kira shi a waya. "Don Allah ka sa babbar riga, ka shigo mota kamar kowa. Baba ba ya son wargi."

"Kamar kowa?" in ji Injiniya. "Hamida, ni ba kowa ba ne. Ranar nan zan buɗe Hanyar Tarihi ta Sarkin Feda, daga Ƙanƙara, ta Mabai, ta Sheme, har Faskari, nan gaba kuma har Sabuwa. Turawa za su zo su bi sawuna. Ki bari Baba ya ga irin surukin da Allah Ya kawo masa."

Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Ranar Asabar da hantsi Nasir ya riƙe keke, Injiniya ya hau, ƙas, ƙas, aka kama hanya. Nasir na biye a kan babur, hannu ɗaya da waya yana ɗaukar bidiyo domin amfanin 'yan baya.

Gaskiya hanyar ta yi kyau, wannan ko maƙiyi ya yarda. Kaka ce, dawa ta sunkuyar da kai, kwalta tana hawa tudu tana gangarawa, duwatsu sun yi zaune a nesa, mata suna shanya barkono a gefen titi. Injiniya dai bai ga ko ɗaya ba, domin kansa na ƙasa, ƙugunsa na sama.

A ƙasarmu ko yaro ya san in mai keke ya zo wuce dattawa, sauka yake yi, ya tura da hannu, ya gaishe su, sai ya wuce su sannan ya sake hawa. A Mabai dattawa na zaune gindin darbejiya sa'ad da wani abu mai ruwan ɗorawa ya wuce fuu, ya ɗaga musu yatsu biyu. Nasir ya ja birki, ya sauka, ya durƙusa.

"Kai, mi ne ne wanga da ya wuce?" in ji wani tsoho.

"Ɗan gidan Malam Ɗanlahadi ne, Baba. Ya ce in gaishe ku."

"Lahiya tai ƙalau?"

"To, Baba, da sauƙi dai."

Da Nasir ya cim masa, ya ce, "Kai Na-Ƙoƙo, ko sannu ba ka ce wa mutane?"

"Gaisuwa ce ta hana ƙasar nan ci gaba," in ji Injiniya, yana haki. "A ƙasashen da suka waye, ɗan tsere ba ya tsayawa ko gwamna ya gani. Kai ka riƙa yi mini, ai amfanin mataimaki ke nan."

Gaba kaɗan aka iso wurin tarihi na farko, wani guntun bangon ƙasa a gefen gona. Injiniya ya rage gudu, ya dafa bangon da hannu ɗaya don kada ya faɗi, ya fuskanci waya, ya gyara murya.

"Jama'ar duniya, ku dubi ganuwar kakanninmu! A nan mazaje suka tsaya, a nan dawakin abokan gaba suka juya da baya. Bangon nan ya ga zamunna, bai girgiza ba, kuma ba zai..."

Sai wurin da ya dafa ya ɓantale. Allah Ya sa Nasir na kusa, ya tare shi da kafaɗa. Bangon dai na wani rumbu ne da damina ta kayar shekarun baya, amma Injiniya ya ba da umarnin a yanke ƙarshen bidiyon, tarihi ya zauna yadda ya faɗa. Haka ya yi wa wata kuka jawabi, ya yi wa wata rijiya, har da wani dutse da ya ce sawun wani jarumi ne a kansa, alhali gurbin da mata ke niƙa ne.

Daga Sheme abin ya fara yi wa Nasir yawa. Duk inda Sarkin Feda ya gilma, sai ya tsaya ya yi gaisuwa biyu, tasa da ta ubangidansa, ya haɗa da ban haƙuri. Nan a tambaye shi gida, can a tambaye shi amfanin gona, wani wuri a miƙo masa fura, kuma ba a ƙin furar dattijo. Kafin ya ankara, Injiniya ya ɓace a bayan tudu. Sarkin Feda kuwa da ya waiga bai ga babur ba, daɗi ya kama shi: ya tsere wa inji!

La'asar sakaliya ya shigo ƙauyen su Hamida. An share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya. Baba Yahuza na tsakiya da carbi, 'yan'uwansa na dama da hagu, har an ware wa baƙo tabarmarsa. A cikin gida Inna Larai, mahaifiyar Hamida, ta tuƙa tuwon shinkafa, an yanka zakara.

Injiniya ya doso su, ya matsa birki, sai a lokacin ya tuna ƙafafunsa ba nasa ba ne. Ya murɗa, ya fizga, ƙugiya ta ce ba ta san zancen ba. In ya tsaya zai kife a gaban surukai. Bangon da zai dafa kuwa yana bayan dattawan. Saboda haka babban injiniya ya yi dabara irin ta manya: ya kewaye tsamiyar.

"Salamu alaikum!" ya faɗa, ya wuce.

"Wa alaikumus salam," in ji dattawa, suna bin sa da ido.

Ya zagayo. "Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau."

Ya sake zagayowa. "Ya iyali?"

Mata sun leƙo ta katanga, masu dawowa daga gona sun ajiye kaya. Hamida ta leƙo ta zaure, ta ga wandon, ta ga abin da ake yi, ta koma ciki kamar ta nutse don kunya. Wani daga cikin dattawan ya ce, "Yaro, sauko mana ka zamna."

Da ya ce musu ƙafarsa ce ta maƙale, da an tashi an riƙe shi, an yi dariya, an ci tuwo. Amma girman kai rawanin tsiya ne.

"Ai a ƙa'idar wasanni," in ji shi, yana wucewa, "ba a tsayawa farat ɗaya..." Ya zagayo. "...sai jini ya daidaita!"

Ya yi ta kewaya yana hangen hanya ko Nasir zai ɓullo. Nasir na can yana shan fura. Cinyoyi suka fara rawa, kai ya fara juyawa. Da ya ga babu sarki sai Allah, ya ɗaga wa surukansa yatsu biyu, ya miƙe gangaren bayan gari. Jim kaɗan aka ji karan dawa sun yi ƙara, kaji suka watse.

Baba Yahuza bai ko waiga ba. Ya ci gaba da jan carbinsa har Inna Larai ta iso bakin zaure, ta rage murya.

"Malam, baƙon ya iso? A kawo abincin?"

"Bai iso ba," in ji Baba Yahuza. "Wani dai ya yi ta wucewa." Ya nuna tabarmar da aka ware. "A naɗe wagga. Mu ba mu ba ɗan hanya ɗiya."