Yadda Ake Sayen Agogon Zinariya a Tasawa Ba a Kwana Kaso Ba

Kai mai son a ga hannunka na walƙiya cikin wannan fari, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka sayi agogon manya wanda wani ya taɓa ɗaurawa, kuma ka kwana ɗakinka. Ilimin nan na samo shi ne daga maƙwabcina Mai Nasara na Attantane, wanda bana ya bi kusan kowane mataki a baibai.

1. Ka san dalilinka

Mai Nasara ya sayar da bijimansa kafin yunwa ta kashe su. Matarsa Zara'u ta ce ya sayi hatsi, shi kuwa ya ce zai sa dukiyarsa cikin abin da ba ya cin ciyawa. Nan kam bai yi kuskure ba. Masana sun tabbatar ba a taɓa samun agogon da ƙishirwa ta kashe ba.

2. Dubi inda aka fiddo kayan

Agogon halal daga akwati yake fitowa. Na Cindo, dillalin da ya ja Mai Nasara bayan wani kamyo, babbar motar kaya, a tashar Tasawa, daga cikin hula ya fito, da ɗuminsa. Cindo ya rantse gadon mahaifinsa ne. Mahaifin kuwa yana can bakin tasha yana sayar da goro, lafiyarsa lau. Kullum ka bincika ko mamacin ya san ya mutu.

3. Lura da wuyan mai sayarwa

In yana ciniki yana waige, ba iska yake sha ba. Cindo ya sallama tun tayin farko, sannan ya ɗare motar da bai tambayi inda za ta ba.

4. Zagaya ka duba hannuwan manyan gari

Duk wanda ka gani da zane fari-fari a wuyan hannu, inda rana ta daɗe ba ta taɓa ba, fuska a murtuke, to ka sauke hannun rigarka. In kuma kaki ne a jikinsa, ka sauke har yatsu.

5. Kada ka je da shi layin taimako

Ranar da ake rabon jar dawa a Mayahi, Mai Nasara ya shiga layi da buhunsa da zinariyarsa. Ajidan ɗin soja mai rabon ya dubi nasa hannun, ya ga fata zalla, ya yi tsaki, ya tambaya ko akwai mai lokaci. Masu hankali suka dubi ƙasa. Mai Nasara ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu.

"Ranka ya daɗe, sai dai ka duba da kanka," in ji shi. "Ni ban iya karanta shi ba tukuna."

Ajidan ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

6. In masu agogon suka yi yawa, yi shiru

Ajidan ya ce nasa ne, an ɗauke shi yana alwala. Sai wani tsohon ɗan koli, Maman Sani, ya fito daga layi, ya ce nasa ne, ajidan ɗin ne ya karɓe masa a shingen hanyar Hawandawaki. Hayaniya ta fiddo komandan Mayahi daga biro, wato ofishinsa. Ya saurari kowa, ya gwada agogon, ya zauna masa daidai. Ya ce zai riƙe shi har a gama bincike, Mai Nasara kuma a kulle shi kaso. Har yanzu ana binciken. Duk taron da komanda ya ɗaga hannu, za ka ga agogon yana ƙyalli.

7. Shirya abin da za ka faɗa a gida

Da aka sako Mai Nasara, ya gaya wa Zara'u ta kwantar da hankalinta, yanzu duk ma'aikatan Mayahi da agogonsa suke fita aiki. Ta miƙa masa buhun da ya dawo ba komai.

"To, mai gida, koma ka tambayi komanda ko lokacin tuwo ya yi."

A ƙarshe, in ka bi duk wannan kuma jandarma suka yi maka sallama, ban san ka ba, ban iya rubutu ba, takardar nan ma tsintar ta na yi. Ni da inuwar itacen bedi nake duba lokaci, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce tasa ce.