Yaƙin Tanimu da Garnaƙaƙi a Kan Makullin Mota

Masu kiyaye nasaba sun tabbatar cewa Alhaji Tanimu ɗan Sallau ne, jikan Barmo Mai Kwalekwale wanda kadojin Yawuri ke nutsewa in sun ji tarinsa. Tanimu kuwa, gwarzon Gusau, hadari malfar gari, mai sayar da tayil a bakin tasha, bai gaji kogi ba. Don haka sai ya girke akwatin gilashi a falonsa, ya cika shi da ruwa, ya zuba wani ƙaton kifi ɗan dangin karfasa, mai jajayen idanu da leɓe kamar na raƙumi, ya sa masa suna Garnaƙaƙi. Wannan azzalumi ya cinye duk kifin da aka kai masa don ya ɗebe masa kewa, har da wani da ya kusa kai shi girma.

Ranar ɗaurin auren ƙanin matarsa, Hajiya Ladidi, Tanimu ya sha babbar riga ya sunkuya zai jefa wa dodon fara, sai makullin motarsa ya suɓuce, tsulum, ya kwanta a kan tsakuwa. Garnaƙaƙi ya zo ya tsaya a kai kamar sarkin da ya ci gari.

"Alhaji, mutane fa na jiranmu a Mafara!" in ji Ladidi daga tsakar gida.

Nan jinin Barmo ya motsa. Sadauki ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya ɗaura safar wanke-wanke a matsayin sulke, murfin tukunya ya zama garkuwa, ludayin miya ya zama takobi. Ya hau kujera, ya karanto duk addu'ar da ya tuna, har da ta shiga kasuwa, ya yi kururuwa: "Sai ni jikan Barmo! Kifi, yau ko ni ko kai!"

Aka gwabza. Ruwa ya yi toroƙo, tsakuwa ta tashi, ludayi ya tafi ganima a karon farko. Garnaƙaƙi ya buɗe kumatu, ya zabura, ya cafke ɗan yatsan jarumi. "Wayyo Allah, Ladidi!" in ji namijin duniya, ihun da daga baya ya rantse kabbara ce. Amma bai ja da baya ba, domin kujerar ba ta da wurin ja. Ya rufe ido, ya lalubo, ya fizgo makulli, ya ɗaga shi sama, ruwa na tsiyaya daga gemunsa zuwa aikin rigarsa.

Ya fito ƙofar gida yana taƙama, ya nuna motar da makulli, ya danna maɓallin buɗe ta. Shiru. Ya sake dannawa. Ruwa ya ɗigo daga cikin makullin.

A adaidaita suka tafi tasha, yatsa naɗe da filasta, Ladidi na dariya cikin mayafi. Da suka isa Mafara, suka iske an shafa fatiha, goro ma ya ƙare.