Mutum Uku, Kalmar Sirri Ɗaya

Duk wanda ya ce arewacin Zamfara ba ta da masana, bai taɓa leƙa ofishin Ƙungiyar Manoman Gero da Dawa da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda ba. A nan Allah ya ajiye mana Injiniya Muhtari, garkuwar kwamfuta, wanda ya je kwas Kaduna ya dawo da satifiket mai faɗin faifai. Kwas ɗin na kwana goma sha huɗu ne, shi ya yi tara, don ya ce sauran biyar maimaici ne ga masu ƙaramin kai. 'Yan kasuwar hatsi suna kiransa Na-Kulle. Ya ɗauka sarauta ce, har yana ɗaga hannu idan an faɗa.

Kwamfutar ƙungiya ta iso ranar Litinin, takwas ga Janairu, 2001. A ranar ya tara shugabanni ya yi jawabi.

"Jama'a, duniya ta canza. Ɓarawon zamani ba ya haura katanga. Yana zaune a Turai da kofin shayinsa, ya miƙo hannu ta cikin waya ya kwashe muku sunaye."

Malam Shu'aibu, shugaban reshen Kaura, ya ce ai ofishin nan ko waya babu.

"Ka gani? Haka suke so ka yi tunani."

Daga nan ya bayyana tsarin da ko a Kaduna ba a kai gare shi ba. Kalmar sirrin buɗe kwamfuta za ta zama haruffa tara, a raba ta gida uku. Malam Shu'aibu ya riƙe ukun farko. Maitama na reshen Zurmi ya riƙe na tsakiya. Na ƙarshe kuwa suna hannun Alhaji Jaji na reshen Shinkafi, dattijon da ke zaune a Galadi. Kowa ya zaɓi nasa, kada ya gaya wa kowa.

"Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kuna jin ana neman shaidu biyu," in ji Injiniya. "Ni na ƙara ɗaya. Ko ni kaina ban san kalmar ba. Nan tsaro ya ƙure."

Saboda haka duk Litinin sai dattawan uku su hau babura su taho. A fitar da kowa waje, a ja labulen da ya zagaye kwamfutar, su shiga ɗaya bayan ɗaya, Injiniya na tsaye a bakin labule ya juya baya yana kallon rufi. Idan ta buɗe sai ya yi gyaran murya ya ce, "An buɗe," a shafa fatiha, a kira Saratu mai buga takardu ta shiga aiki. Shi kuma ya saɓa jaka ya tafi rangadin wayar da kai. Rajistar baƙi ta nuna an yi haka sau ashirin da biyu, har da makon Babbar Sallah.

Alhaji Jaji bai yi boko ba. Amma mutum ne mai dabara. Ranar farko ya shigo da maiƙon ƙuli-ƙuli a yatsa, ya danna maɓallai uku da suka yi masa kyau, suka ɗauki tabo. Daga nan duk mako sai ya ƙara musu kaɗan. Da tabon yake gane abinsa, daga hagu zuwa dama.

A watan Afrilu Saratu ta gama shigar da sunayen manoma ɗari huɗu da goma sha bakwai, kowa da ƙauyensa da girman gonarsa. Injiniya ya sa aka ƙone takardun hannu da masu unguwanni suka aiko, a gaban shaidu. Ya cire igiyar firinta ya kulle a durowarsa. Takarda, in ji shi, abokiyar ɓarawo ce.

Sai ga wasiƙa daga Gusau. A kai jerin sunayen kafin ƙarfe huɗu na yammacin Litinin, goma sha ɗaya ga Yuni, in ba haka ba tirelar takin zamani ta wuce wani yankin. Ruwa ya riga ya sauka, gero ya fito. Manoman ƙauyen Banga suka cika ƙofar ofis tun da hantsi, direban da zai kai takarda ya jingina da motarsa.

Injiniya ya ji labarin wataƙila wani jami'i ya biyo, don haka tun Asabar ya sa aka share ofis, shi da kansa ya zauna da tsumma da kananzir ya goge allon maɓallai har yana ƙyalli.

Malam Shu'aibu ya shiga ya fito. Maitama ya shiga ya fito. Alhaji Jaji ya shiga, sai ga muryarsa daga bayan labule.

"Injiniya! Wa yaw wanke ta?"

"Ni ne, Alhaji. Tsafta ce."

"To ka wanke da rabona. Ni da maiƙo nika gane su."

Aka gwada tunatar da shi. Ya ce ɗaya yana kama da lauje, ɗaya kamar mutum ya ɗaga hannuwa, na ukun kuwa ba ya kama da komai. Aka gwada lauje iri huɗu. Azahar ta yi. Maitama ya ce da an ba shi haruffa shida tun farko da ba a kai ga haka ba, Alhaji ya ce ya fara riƙe hularsa a kan babur tukun. Wani tsoho daga Banga ya leƙo ta taga ya ce, "Na-Kulle, gero dai ba ya cin Turanci."

Injiniya ya fito baranda, gumi ya jiƙa babbar rigarsa.

"Ku kwantar da hankali. Abin da kuke gani hujja ce. Idan mu masu ita mun kasa shiga, ina ga na Turai?"

Ba wanda ya tafa.

Ƙarfe biyu saura kwata Saratu, wadda aka bari a gindin dalbejiya tun safe, ta gyara mayafi ta matso.

"Ranka ya daɗe, in kun gama addu'ar, in shiga in buga? Direba zai tafi."

"Wace addu'a? Kwamfuta a kulle take!"

Ta ɗaga labule, ta miƙa ɗan yatsa ta danna maɓallin da ke can sama a kusurwar hagu. Akwatin da ke neman kalmar sirri ya ɓace. Sunaye suka bayyana.

"Tun yaushe kika san wannan?" Muryar Injiniya ta koma siririya.

"Tun ranar da aka kawo ta. Duk sanda wuta ta ɗauke haka nake yi. Wani lokaci sau biyar a yini."

"Ɗiyata," in ji Alhaji Jaji, "mi yah hana ki hwaɗi?"

"Baba, na ɗauka bikin buɗe mako kuke yi. Na ga kuna sa manyan riguna."

Alhaji ya dubi Injiniya, ya dubi ƙafafunsa da hanyar Galadi ta kumbura, ya miƙa hannu. Ba a yi musu ba, makullin durowa ya fito, aka ɗauko igiyar firinta. Ƙarfe biyu da minti ashirin direba ya kama hanyar Gusau, ranar Alhamis kuma taki ya sauka a Banga.

Amma babban mutum ba ya rasa mataki. Washegari Injiniya ya sanar da cewa ya gano wata ɓaraka mai hatsari da masu ƙera kwamfuta suka bari, kuma ya toshe ta har abada. Da wuƙar yankan farce ya ɓamɓare maɓallin, ya sa a ambulan, ya buga hatimi, ya jefa a aljihun gaba.

Yanzu da tsinken tsintsiya Saratu take buɗewa.